Kunkurun da Ya Ƙi Zaman Hindawiyya

Ina 'yar yarinya a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, a shekarun alif ɗari tara da sittin, kawuna mai jigilar kifi daga Jidda ya kawo wa kakata ƙaramin kunkuru a cikin jiƙaƙƙen buhu. Ita Basakkwaciya ce, kuma a wurinta gidan da babu kunkuru a tsakar gida bai gama zama gida ba.

Ta yi masa yadda ake yi a can. Ta ajiye shi gindin randa, ta watsa masa latas da ɓawon kankana. Ko kallo ba su ishe shi ba. Na ƙwanƙwasa bayansa don ya shige ƙoƙo, ashe shi bai iya wannan ba. Ƙafafun nasa ma faɗi gare su kamar marar kwasar tuwo, yana jan ciki da ƙyar. Kaka ta ce girman kai ne irin na 'yan Jidda.

Da aka kwana biyu sai ya daina motsi, wani ruwa mai kauri na zubo masa daga ido. Kawu ya ce masunta sun gaya masa gishirin teku ne irinsa ke fitarwa ta nan. Kaka ta ce shi dai ya riƙe iliminsa, ita ta san hawaye. Mutuwa kunkurun zai yi, kowa ya gani.

Kawu ya ce zai mayar da shi teku. Ta ce da ita za a je. Ya tuna mata ba ta da iƙama, takardar izinin zama, shurɗa kuma, wato 'yan sanda, suna tare hanya.

"Halas, ya waladi. Magana ta ƙare, ɗana. A hannuna ya galabaita, da hannuna zan sake shi."

Muka tafi a bayan motar kifi. Allah ya rufa asiri.

A wata gaɓar teku inda ake hango duwatsun murjani ta cikin ruwa, ta tsoma shi. Ya ɗan yi lamo. Sai wannan raggon da muke yi wa dariya ya buɗe hannuwa ya yi sama da ƙasa a kan murjanin, ƙananan kifaye na darewa. Ya tsaya ya gutsiri wani abu a jikin dutse, ya taso ya shaƙi iska, ya nutse. Ban taɓa ganin halitta mai kyau irin wannan ba.

Kaka na tsaye cikin ruwa har gwiwa, zaninta sharkaf.

"Ka yafe mini," in ji ta. "Ban san haka kake ba."