Zakin da Wuta Ba Ta Ci Ba

Ranar kasuwar Birnin Kudu, wani baƙo ya tsaya gaban shimfiɗar Malam Badaru mai sayar da kalanda da hotunan bango. Dogo ne siriri, rigarsa duk ɗigon fenti, faratansa sun rine da shuɗi da ja, ga ɗan buroshi maƙale a bayan kunne. Ba ya taya komai. Hoto ɗaya yake kallo, na wani zaki da aka zana a bayan babbar mota, wanda wata maɗaba'a ta buga a Kano, samari ke rububinsa suna mannawa a ɗaki.

Badaru ya dubi hannun baƙon. Wannan hannun mai zanen motoci ne, irin masu yini a tasha rana na dukansu, direba ya ja mota ya tafi da aikinsu, ba wanda ya san sunansu. In zanensa ne aka buga ba izini, yau akwai rigima.

Baƙon ya durƙusa, yana bin gefen takardar da yatsa har ƙasa, inda aka zana wata 'yar saniya irin ta tsoffin zanen da ke jikin duwatsun garin. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Alamata ce," in ji shi. "Motar ta ƙone bara a hanyar Gwaram. Malam, guda nawa suka buga?"

"An ce dubu," in ji Badaru, hankalinsa ya soma kwanciya.

Baƙon ya miƙe yana murmushi, ya karkaɗe gwiwarsa.

"To, alhamdu lillahi. Dubu kam, wuta ba za ta bi su ɗaki-ɗaki ba."