Hannun Idi

Kakata Hajo ba ta fara tatsuniya sai an ci tuwo an wanke hannu. A gidanmu na Dakoro, lokacin da tutar ƙasa take sabuwa a ƙofar kwamanda, mu jikokinta mukan kewaye wutar karan gero da take hurawa a bakin ɗakinta. Ni take kira maigida, tana cewa ba ta taɓa ganin miji marowaci irina ba, ko ɓarin goro. Shekarata goma, ga ƙarfi ga zafin kai, kuma a kokawar da muke yi bayan an tashi lakwal, wato makaranta, ba wanda yake kai bayana ƙasa.

Wata rana da la'asar na kayar da Idi, ɗan maƙwabtanmu, abokina tun muna rarrafe. Ya riga ya faɗi, kokawa ta ƙare. Amma ihun yara ya yi mini daɗi, sai na kama hannunsa na dama na murɗa. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin. Na ruga gida na ci tuwona kamar ban san komai ba. Idi shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa, shi ke shayar mata da awaki, kuma rijiyoyin ƙasarmu ba a jan ruwansu da hannu ɗaya.

Da muka zauna, Kaka ba ta tsokane ni ba. Ba ta ma jira mun ce ta zo mu ji ta ba.

"An yi wani ɗan kokowa, sunanai Tankari," ta ce, tana tura kara cikin wuta. "Gari bakwai, ba wanda yat taɓa ganin ƙasa ga bayanai."

Shi Tankari kayarwa ba ta isarsa. Duk wanda ya kayar sai ya bar masa abin tunawa, wani kafaɗa, wani wuyan hannu. Makaɗa na yi masa kirari, kai na ƙara kumbura. Wata shekara aka yi fari, rijiyar garin ta janye, shanun jan ruwa duk sun bi makiyaya kudu. Aka nemi mai ƙarfin da zai sauka ya yashe ta, Tankari ya ce wane ne in ba shi ba. Sauke mutum ba wuya, igiya ce ake sassautawa a jikin gwafa. Ya yi aikinsa har ruwa ya ɓuɓɓugo, ya girgiza igiya a ja shi. Mazan gari suka kama. Wannan kafaɗarsa ta ƙi, wancan ya saki yana riƙe da wuyan hannu. Ba ramuwa suke yi ba, suna ja ne suna kuka.

"Shina can ƙasa shina kiran sunayensu ɗaya ɗaya," in ji Kaka. "Kowa yak kira, sai shi tuna inda yak karya shi."

Ƙanwata Rabi ta ce, "Kaka, ya hito?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Ku tashi ku kwanta. Kai Sale, tsaya."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.

"Gobe da sahe za a yi ma Idi ɗori, kai za ka riƙe shi. Kuma garin ga, wanda yay yi karaya shi ka ɗaukar gugan wanda yak karye har shi warke. Haka munka iske."

"Kaka, kokowa ce fa."

"Kokowa ta ƙare sa'ad da yah hwaɗi. Abin da yab biyo baya naka na."

Na riƙe shi. Mai ɗori yana ja, Idi yana ihu a ƙirjina, guminmu duka ya haɗu. Wata biyu ina jan ruwan gidansu, tafin hannuna ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Nawa hannun ya koma yadda yake. Nasa ya ɗoru a karkace, bai ƙara iya dunƙule shi ba. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na girma na tafi Yamai, can na gamu da karate a wurin wani tsohon soja. Na ɗaura baƙar ɗamara, na shekara fiye da arba'in ina koyarwa: 'yan lakwal, jandarmomi, matan da ke tafiyar kasuwa su kaɗai. Samari kan zo mini da ɗokin fasa bulo, sai in sa su wata da watanni suna koyon tsayar da naushi saura yatsa ɗaya ya taɓa fuska. Suna gunaguni, wai tsoho ya cika tsanani. Su yi ta yi. Wanda ya fi kowa iyawa cikin ɗalibaina ni na kore shi da kaina, ranar da ya shuri wanda ya riga ya faɗi.

Da ina ɗauka Kaka tana nufin kada ka karya mutane don wata rana za ka buƙace su. Da tsufa ya zo na daina tunanin Tankari, na koma tunanin masu jan igiyar, waɗanda aka cuta kuma suke kukan sun kasa ceton wanda ya cuce su.

Bara na je Dakoro na sami Idi a ƙofar gidansa, furfura ta rufe shi. Ya miƙo mini hannun nan yana dariya.

"Sarkin karate, a yi mani a hankali."

Na riƙe shi da hannu biyu. Duk abin da na koya a rayuwata, babu dabara ɗaya a ciki da za ta miƙe shi.