Roble da Aka Kora Sau Biyu

Shekara ashirin da uku Roble Dirye yana rataya tutocin baƙi a titin filin jirgin Jibuti. Maƙwabcina ne a unguwar Balbala, kuma har yau in na tuna abin da aka yi masa sai raina ya ɓaci.

Ƙasarmu 'yar mitsitsiya ce, amma manyan duniya duk sun kafa sansanin soja a bakin tekunmu. Gwamnati ta yi wa wannan murmushi, ta juya ta yi wa wancan, don kada wani ya haɗiye mu. Roble ne ke hawa tsani da wannan murmushin. Yana da igiya mai ƙulli bakwai da yake auna tsayin kowace tuta, kada ta wani ta ɗara ta wani ko da yatsa.

"Baban Ubah, wata rana har shayin da na ba ka sai ka auna da igiyar nan," in ji matarsa Saredo.

Sai ga baƙi biyu da ba sa ga maciji da juna za su zo rana ɗaya. Tutar ɗaya sabuwa fil, ta ɗayan rana ta cinye launinta. Ya nemi sabuwa a ofis, aka ce babu. Sai ya shanya sabuwar a kan rufin kwanonsa, kwana goma sha biyu, har ta koɗe suka zama daidai.

Jakadan ƙasar mai sabuwar tuta ya gani, ya tada jijiyar wuya. Shugaban sashe ya kira Roble.

"Kawu, wa ya aike ka?"

"Ku mana. Ba kullum kuke cewa kada a fifita kowa ba?"

"Mu a baki muke faɗa. Kai ka je ka aikata."

Saura wata bakwai ya yi ritaya aka kore shi, fansho ya bi ruwa. Aka rubuta wa jakadan cewa an hukunta mai laifi.

Da jakada na biyu ya ji an ba abokin gabansa haƙuri, shi ma ya ce ai tasa ma a koɗe take. Marasa kunyar ofishin nan ba su ko nemi wani sunan da za su ɗora wa laifin ba. Muna zaune a ƙofar gida masinja ya kawo wa Roble takardar kora ta biyu.

Ya ɗauko ta farkon, ya jera su a kan gwiwarsa.

"Ko layi ɗaya ba su bambanta ba," ya ce. "Ba a fifita kowa ba."