Jan Tsumma a Jikin Magarya

Ranar wata Asabar cikin watan Muharram, a ƙarshen shekarar 2013, aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa a Makka ba. Ina da shekara tara. Da hantsi hadari ya taso daga wajen duwatsu, kafin Inna ta gama kwashe shanya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mu muka ruga ɗaki, Baba kuwa ya faɗa tsakiyar gona ba ko takalmi, yana bin ramukan da muka yi shekaru muna haƙawa, yana duba ko sun riƙe ruwa. Sun riƙe. Da aka ɗauke ruwan ya kira ni da ƙanwata Ummi, ya nuna mana wata 'yar bushiya da ta fito daga gindin aduwa jiƙe sharkaf. "Ku gaishe ta," in ji shi, "baƙuwarmu ce." Ban taɓa ganin Baba yana dariya irin ta ranar ba.

Gonar ba tamu ba ce. Ta wani tsohon Balarabe ce, kafil ɗin Baba, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, wanda iƙamar gidanmu duka, takardar izinin zama, ke hannunsa. Tana cikin wani kwari can gaba da Muzdalifa, an wuce alamar iyakar Harami da kaɗan. Da can ana noman kankana da kuɓewa a wurin, sai ruwan rijiyar ya koma gishiri, manoma suka watse, aka ɗauko Baba daga ƙauyensu na wajen Maradi ya yi gadin mataccen inji da ɗaki biyu na bulo. To Baba ba mutumin da zai zauna ya zuba wa rairayi ido ba ne. Ya lura kututturan da manoman suka sassare suna ta tofo, raƙuman makiyaya na bi suna cinyewa. Ya nemi izinin tsohon ya raine su kamar yadda ake yi a gida, tsohon ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi yadda ya so.

Wannan rainon shi ya zama rayuwarmu. Kowane kututture sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran da wuƙa, a kewaye shi da ƙaya. Inna ba ta zubar da ruwan wanke-wanke, ni da Ummi ke ɗaukarsa a tsofaffin galan mu kai gindin magarya da farar ƙaya. Mu ke tsintar kashin awaki, mu ke kwashe ledojin da iska ke kawowa bayan aikin Hajji. Gaskiya na tsani aikin. A makaranta 'yan ajinmu sukan kalli hannuwana da ƙaya ta kakkarce su tambaye ni ko da kyanwa nake kwana, amma ranar da na cika jakata da 'ya'yan magarya duk sai su zama ƙawayena. A hankali kurciyoyi suka dawo, fakara ta dawo, har zuma ta kama a kogon dutse.

Akwai abu ɗaya da Baba ba ya wasa da shi. Duk itacen da ya gyara sai ya ɗaura masa jan tsumma guda ɗaya, wanda aka yago daga tsohon zanen Inna. A garinsu haka ake yi, makiyayi ko mai neman itacen girki in ya gani ya san bishiyar da mai ita. "Ɗaya ya isa, ɗiyata," yakan ce, "icce ba ya son ado."

Ni kuwa mai kunnen ƙashi, ado na so. Shekara ta zagayo, Baba ya shiga gari wata Juma'a, muka rasa wasan yi, na ce da Ummi mu yi wa babbar magarya ta bakin hanya kwalliyar biki. Na kwaso ragowar zanen na yayyaga, na hau galan ina ɗaurawa a kowane reshe da hannuna ya kai, Ummi tana guɗa a ƙasa. Ta yi kyau ƙwarai, har yau ba zan ce ba ta yi ba. Muka ji Inna na kira muka tafi, muka manta.

Lokacin tsohon ya kwanta jinya, ɗansa ke kula da dukiyar. Washegari da safe ɗan ya zo da abokansa a mota, abin da ya fara gani kenan: itace ya sha jajayen ƙulle-ƙulle, a gonar da Bahaushe ke gadi. Mu dama an saba jifanmu da maganar sihiri a gari. Ya shiga gonar, ya ga kowace bishiya da nata tsumman, ya fara ihu yana ambaton shirka. Baba ya yi ta bayani da guntun Larabcinsa, yana nuna sawun raƙuma, yana rantsuwa. Da ɗaya-ɗayan nan ne kawai, wataƙila da an saurare shi. Amma saurayin ya nuna magaryar ya tambaye shi wannan fa, Baba ya bi ƙulle-ƙullen da kallo. Ina tsaye a bayan ƙofa, maganar tana bakina, tsoro ya hana ni fitowa. Hukuncin gajere ne: ko Baba ya sare su duka da hannunsa, a ga ba bauta musu yake ba, ko a soke iƙamarmu.

Kwana huɗu ya yi yana sara. Ba ya cin abinci sai shayi. Sau ɗaya na ji ya yi magana, yana gaya wa Inna cewa da gonar ta matsa kaɗan cikin Harami, ko ƙaya ba mai ikon karyawa. A rana ta biyar aka kawo katafila ta tuge saiwoyin. Kurciyoyi suka yini suna shawagi a kan filin, ba wurin sauka.

Yanzu wurin an shafe shi da kwalta, motocin alhazai ke kwana a kai. Muna zaune a hawa na uku a unguwar Aziziyya, Baba yana gadin ƙofar ginin a kan kujerar roba, ƙannena da aka haifa a nan ba su san ƙamshin ƙasa in ta sha ruwa ba. Ina kewar ƙayar nan da na tsana, har cikin raina. Bara na kai masa shayi, na durƙusa na gaya masa ni ce. Ya juya kofin a hannu. "Na sani, Zainabu," ya ce. "Da na faɗa, ke za su sa wa ido. Icce kam, na iya sare shi."

Shekara goma ina ɓoye masa abin da shi yake ɓoye mini.