Zuciyata ta ƙi tsayuwa

Salamu alaikum jama'a. Tun girbin bara ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na karye, ban karye ba. Jinya na yi.

Wani zazzaɓi ne ya kama ni, ya tafi ya bar mini abin da ya fi shi. In ina kwance, lafiya lau. Da na miƙe sai zuciya ta hau gudu, ido ya yi duhu, gwiwa ta saki.

Ni kuwa sana'ata tsayuwa ce. Wake da gyaɗa nake saye a kasuwar Dungas. Daga kolej na fito ba takarda, da tiya ɗaya na fara, babu wanda ya ɗaga ni.

Wata ranar kasuwa na faɗi tsakanin buhuna, gaban kowa.

Sai ƙanena Sani ya riƙe wurin. Ni na ɗauko shi daga gona a Dogo-Dogo, ni na koya masa awo.

A asibitin Magarya aka yi analiz, wato gwajin jini, aka auna tansiyo ko hawan jini ne, aka ce komai daidai, in huta. Maiɗakina Rabi ta cire gishiri daga miyata. "Alhaji, mai ciwon zuciya ba ya cin gishiri." Na ƙara lalacewa. Na ji tsoro ƙwarai.

Kullum yamma Sani zai zo. "Yaya, yau mun cika mota." Ina kwance ina kallon ƙafafunsa, yana tsaye ko gezau. Wata rana wani tsohon abokin cinikina ya kira ni, na ɗauka gaisuwa ce. Ya ce in turo masa lambar Alhaji Sani.

Alhaji Sani! Ko filin jirgi bai taɓa gani ba.

Shi ɗin dai ya kai ni Damagaram wurin likitan zuciya. Likita ya kwantar da ni ya auna bugun, ya tsayar da ni ya sake aunawa. Bugun ya yi tsalle. Don in gane, ya yi wa Sani haka. Nasa da ƙyar ya motsa.

Na ce, "Ko a nan ma kai ne?"

Sani ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Likita ya ce zuciyata ba ta lalace ba. In na tsaya jini yana taruwa a ƙafa, sai ta yi ta gudu don ta kai shi sama. Ya rubuta propranolol kaɗan, ya ce in sha ruwa da yawa, a maido gishiri.

A farmasi mai sayarwa ya duba ordonans, takardar da likita ya rubuta, ya ce, "Alhaji, wannan ai na hawan jini ne, kai ko ba ka da shi." Na koma wurin likita raina a ɓace.

Ya ce, "Gaskiyarsa. Ba don ciwonka aka yi shi ba, amma yana rage gudun zuciya. Shi ya sa nake son ganinka a kai a kai."

Maganin ba tsada. Kuɗin mota da gwaje-gwaje ne suka ci ni. Sannu a hankali na fara sallah a tsaye.

Shawarata: in kana jin haka, ka ce a auna ka a kwance da kuma a tsaye. Kada ka je ka sayi nawa, zai iya kayar da wani. Gishirin ma sai likita ya ce.

Na koma kasuwa, amma da kujera. Masu kaya suna gaishe ni da ladabi, su wuce wurin Sani a yi ciniki. Har yau abin yana ci mini rai.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likita, na gode wa Rabi.

Sani, ka riƙe amana, ko dala ba ta ɓata ba. Allah ya saka maka. Amma kasuwa mai zuwa ni zan yanke farashi, kai ka kama bakin buhu.