Ranar da Sani ya kama mu da karta

Muna tsakiyar karta bayan la'asar, a gindin dalbejiya kusa da tashar jirgin Ƙaura, sai ga Sani da sabon gemu da bulala. Farkon bazara ne, shekarar da aka fara Shari'a, an sa shi cikin masu kamen 'yan caca. Sanin da ya koya mana kartar!

Abokina Lawali ya zaune tasa, ya jawo carbi.

Sani ya ce, "Tashi."

Lawali ya tashi. Sani ya tsince kartar, ya daɗe yana dubawa, ya girgiza kai.

"Haba Lawali! Da waɗanga a hannunka ake cinye ka? Wallahi ka ci bulala."

Bai doki kowa ba, amma kartar ta bi aljihunsa. Mutanen Ƙaura, ku faɗa mini, kartar nan wuta ta cinye ta ko wata majalisar ta koma?