Abin da Ban Tambaye Su Ba

Shekarar da aiki ya kawo maigidana Gombe, mun kama haya a Tumfure, gida tilo a bakin gonar masara. Shi kan fita tun safe, ni kuwa ban san kowa ba. Kaɗaici ya ishe ni har na fara hira da kaji. Da na ji wata makarantar unguwa na neman mai koya wa matan aure karatu bayan la'asar, na karɓa hannu bibbiyu.

Na tsara darussana yadda aka koya mana a kwalejin malamai: manufa, matakai, gwaji a ƙarshe, har da ja musu layi da jan biro. Mako shida na ware wa baƙaƙe da wasula kawai. Ina ji da kaina ba kaɗan ba. Mata goma sha huɗu suka zo ranar farko, ban tambayi ko ɗaya abin da ya kawo ta ba.

Suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce rashin himma ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, don in ajin ya mutu zan koma wa kajina.

Daga ƙarshe sai wata dattijuwar Bafulatana mai sayar da nono ta rage. Ran nan ina nuna mata wasula, ta kwance waya daga haɓar zanenta ta ajiye a gabana.

"Malama, ni ba jarida zan karanta ba. Sunan 'yata nake so in gane a cikin nan, in daina roƙon mutane su kira mini ita."

Kunya ta rufe ni. Na ture littafin tsarin darussana, na rubuta sunan 'yar da manyan baƙaƙe a allo, muka fara daga nan. Cikin kwana uku ta nemo shi a wayar da kanta. Ta roƙi in sa mata sunana da lambata, na sa. Da ta samu abin da ta zo nema, ita ma ta daina zuwa, aka rufe ajin.

Bayan sati biyu ina tsintar shinkafa a tsakar gida, wayata ta yi ƙara.

"Malama, ni ce. Ba wanda ya nemo mini ke."

Muka yi ta gaisuwa, na ƙi barin ta ta kashe. A satin nan kaf, kiranta ne kaɗai ya shigo wayata.